Gonar da Aka Hana Itace

Zuwa ga Dogo,

Gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yaran. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar nan tawa da ke tuna min shekaruna duk sanda zan tashi daga tabarma. Idona kuwa garau yake, kuma shi ya jawo maka wannan takarda. Na kira wayarka har na gaji. In ta shiga, wata ce ke ɗauka ta ce Farfesa yana taro. Ni da na koya wa yara rubutu har na yi ritaya ba zan rasa biro ba.

Jiya na je ofishin gona karɓar irin masara. Ina zaune a benci ina jiran layi, sai na ɗaga kai na ga kaina a bango. Ƙaton hoto ne, an raba shi biyu. A dama ga wan mijina tsaye a cikin layin itatuwan da ka dasa masa, masara ta wuce kansa, yana washe baki kamar shi ya kawo damina. A hagu ga ni da fartanya, masarata ko ƙuguna ba ta kai ba, ƙasa ja fayau. A ƙarƙashinsa an rubuta wai manomin da ya rungumi sabuwar dabara. A ƙarƙashina an rubuta wai manomiyar da har yanzu ba ta karɓa ba. Matar da ke kusa da ni ta dubi bango, ta dube ni, ta ce, "Baiwar Allah, ki rage taurin kai mana, ai itacen nan kyauta ake ba da shi." Na tashi na bar musu irinsu.

Dogo, ni ce ban karɓa ba? Bari in tuna maka, tunda karatu ya cika maka kai. Ka zo gidanmu kana ɗalibi, siriri, da jakar da aka ɗaure da igiya. Babanka ɗan wan babana ne, shi ya sa na shimfiɗa maka tabarma. Ka ce gonar mijina da ta wansa a jere suke, gado ɗaya aka raba, ƙasa ɗaya, gangare ɗaya, don haka in aka dasa itatuwa a ɗaya aka bar ɗaya haka nan, kowa zai ga bambanci da idonsa. Ka ce ba za ka zaɓa da kanka ba don kada a ce ka yi son kai. Ka cire hularka ka jefa 'yan takardu biyu a ciki, mijina ya sa hannu ya zaro. Ƙuri'a ta ce mu ne marasa itace. Ka ce shekara biyar kawai. Yau an haura goma, mijina ya rasu a tsakani, ni kuma ina nan ina tuge duk ɗan itacen da ya tsiro da kansa don kada in ɓata maka awo.

Hoton ma da sauƙi. Tun bara ruwa ya fara yanka ƙasan gonar. Da fari ɗan tsagi ne, ina tsallake shi. Yanzu akuya na shiga ciki ba a ganin ta. Buhunan masarar da cibiyar bincikenku ke aiko min kowace kaka suna zuwa, na gode, amma ba sa dawo min da ƙasar da ruwa ya kwashe. Gonar nan ita kaɗai zan bar wa 'yata da 'ya'yanta.

Na karɓo dashe daga gandun da aikinka ya buɗe a bayan kasuwa. Da damina ta zauna zan dasa, in kuma jera duwatsu da rassa a bakin ramin. Ba izini nake nema ba, sanar da kai nake yi.

Goggonka

*

Zuwa ga Goggo,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan gwiwa ta yi sauƙi. Na sa a cikin ambulan ɗin nan maganin shafawa, ki riƙa shafawa safe da yamma. Yara suna gaishe ki, babbar ta fara jarrabawa.

Goggo, rubutun da ke ƙarƙashin hoton nan ba ni na yi shi ba. Masu yaɗa labarai na cibiya suka ɗauki hoton daga rahotona suka rubuta abin da suka ga dama. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma na ce a cire shi daga duk ofishin da aka liƙa. Wannan kam kina da gaskiya.

Maganar dashe kuwa, don Allah ki dakata ki ji. Duk wanda ya yi aiki irin nawa, shekara uku ko huɗu yake samu ya auna, sai kuɗi su ƙare ko manomi ya gaji. Babu wanda ke da gonaki biyu a jere da aka auna kowace shekara ba fashi na tsawon lokacin da muka yi. Awon gonakin nan biyu shi ake ambata a littattafan makarantun noma. Da shi na shawo kan hukumomi suka buɗe gandun dashe a wurare da yawa. Iyalai dubbai sun dasa, suna samun masara da wake da itacen girki da ganyen dabbobi a fili ɗaya. Har shi gandun da kika karɓo dashen, daga gonarki ya samo asali.

A kakar bana masu ba da tallafi za su turo kwamiti. Su za su yanke ko a kai aikin wasu yankuna ko a rufe shi. Ba sa son takarda, sun gaji da ita. So suke su tsaya a kan iyaka su ga dama da hagu. In suka tarar da itace a gefenki, da duwatsu a bakin ramin, babu sauran abin kwatanci, kuma awon bana ba zai haɗu da na baya ba. Damina ɗaya nake roƙo. Ki duba, Goggo, gonarki a yadda take tana amfanar mutane fiye da yadda za ta amfane su in ta gyaru.

Ramin zan turo a auna shi. Ba na jin ya kai yadda kike tsoro.

Ɗanki,
Dogo

*

Zuwa ga Farfesa,

Muna lafiya. Maganin ya zo, na shafa, gwiwa na nan yadda take. Allah ya ba yarinya sa'ar jarrabawa.

Na karanta takardarka a tsaye, na zauna na sake karantawa, ko zama zai sa ta yi daɗi. Layi ɗaya ya tsaya min a wuya. Wai gonata a yadda take ta fi amfani. Wato lalacewata ita ce aikina a duniya. Ni ce mummunar fuskar da ake ajiyewa kusa da mai kyau don kyanta ya fito. To madalla, Farfesa, ashe abin da aka koya maka ke nan a ƙasashen da ka je.

Ka san yadda baƙinka ke yi in sun zo? Motoci su tsaya a bakin hanya, su fito da hulunan rana da ruwan roba. Wan mijina ya sa rigar da kuka ba shi mai hoton ganye, ya yi musu jawabi. Mutumin da ko sunan itacen bai iya faɗa daidai ba, ya zama malami. Daga nan su juyo gefena, su girgiza kai kamar sun zo gaisuwar mutuwa. Wata ta taɓa durƙusawa ta debi ƙasata a leda ba ta ko yi min sallama ba. Jikana ya dawo daga makaranta yana kuka, wai yara suna kiran sa jikan mai gonar misali.

Ka ce iyalai dubbai sun dasa. Na gani da idona, ba sai ka faɗa min ba. Daga ƙofar gidana har inda ido ya tsaya kore ne. Mutanen da suka yi maka dariya a farko, suna cewa itace zai shanye wa masara abinci, yau su ke sassabe rassa suna baza ganye a kunya. Ina murna da hakan, wallahi ina murna, har alfahari na yi da kai a cikin mata. Amma a duk faɗin nan mutum ɗaya aka hana cin moriyar iliminka, ita ce wadda ta dafa maka abinci lokacin da kake tara shi.

Mutanenka sun zo sun auna ramin. Sun ja igiya, sun ɗauki hoto, ɗaya ya ce wa ɗaya abin ya yi kyau. Kyau fa suka ce, a gabana.

Ruwa ya zauna. Na dasa. Layi huɗu a gicciye kamar yadda kake koya wa mutane, kuma ni da 'yata mun jera duwatsu da rassa a bakin ramin har bayanmu ya ƙage. Ruwan shekaranjiya ya zo ya tsaya a jikinsu, ya ajiye ƙasa ya wuce a hankali. Dabararka tana aiki, ina taya ka murna.

Goggonka

*

Zuwa ga Goggo,

Ina gaishe ki. Muna lafiya, sai dai ni ban da kwanciyar hankali tun da takardarki ta zo.

Kin ɗauki magana ɗaya kin juya ta yadda za ta fi ciwo. Ban ce lalacewarki ce amfaninki ba. Na ce abin da ake koya daga gonar yana ciyar da mutanen da ba ki taɓa gani ba. Amma tunda kin fi son a yi magana ba kara, to ga ta. Kin rushe aikin shekaru a safiya ɗaya, saura 'yan watanni a gama. Ma'aikatan gandun dashe, da matan da ke cika leda da ƙasa, da garuruwan da ke jiran nasu, duk a kan kwamitin nan suke rataye. In aka rufe aikin, me zan ce musu? In ce Goggona ta ji haushin hoto?

Kuma ba da ke na yi alkawarin nan ba tun farko. Da marigayi na yi. Ranar da na zo duba shi a asibiti, kina tsaye a bakin ƙofa, ya riƙe hannuna ya ce kada in damu, gonar na nan yadda muka yi har in gama. Shi bai taɓa saɓa magana ba. Ban yi zaton a gidansa za a saɓa masa ba.

Dashen bai kama ba tukuna. In aka cire shi yanzu, aka kwashe duwatsun, awon bana zai iya tsira. Sauran ya rage naki.

Dogo

*

Zuwa ga Goggo,

Gaisuwa. Wannan gajeriya ce, ina so ta riski waccan kafin ta yi ɓarna.

Yau aka kawo min hotunan ramin da awonsa. Goggo, ya fi yadda kika faɗa. Bakinsa ya riga ya ci ƙarƙashin ƙasa, saman ne kawai ke riƙe. Ruwa mai ƙarfi ɗaya zai iya zabtar da ƙasan gonar gaba ɗaya. Da ɗalibina ne ya ga wannan a gonar wani ya ce a jira kaka, da na kore shi daga aji.

Ki bar dashen. Ki bar duwatsun, ki ƙara wasu ma in da hali. Kwamiti zan san abin da zan gaya musu. Maganar marigayi da na kawo kuma, ki yafe ni, bai kamata in sa shi a ciki ba.

Na kira wayarki, kin kashe, na san kuma don ni kika kashe. Zan ba direban cibiya wannan takarda, zai biyo ta wajenku gobe da masu awo.

Ɗanki,
Dogo

*

Zuwa ga Farfesa,

Lafiya muke. Kada ka sake aiko magani.

Takardarka ta zo, wadda ka tono min mijina a cikinta. Na jira ko wata za ta biyo baya ka ce shaiɗan ne ya riƙe maka biro. Shiru. To na gane.

Ka san inda za ka taɓa, ka taɓa. Ina tsaye a bakin ƙofar, haka ne, na kuma ji abin da ya ce. Mutumin nan ko bashin gaisuwa ba ya kwana da shi. Ba za a ce matarsa ce ta mai da shi maƙaryaci yana kabari ba. Da ka ce don kwamiti, da na ce kwamiti su sha ruwa. Da ka ce don sunanka, da na yi dariya. Amma ka ce don shi.

Na cire. Da hannuna na tuge su ɗaya bayan ɗaya, kuma ka yi ƙarya da ka ce ba su kama ba, saiwa har ta fara rarrafe. 'Yata ta ƙi taya ni. Ta tsaya a kan iyaka tana cewa, "Inna, gonar 'ya'yana ce kike tuɓewa." Na ce ta yi min shiru. Duwatsun da muka kwana biyu muna jerawa na mirgina su gefe. Wan mijina ya leƙo ta cikin itatuwansa ya ce, "Ai gara haka, kada baƙi su rikice." Allah ne ya riƙe min fartanyar nan.

Dashen na raba wa maƙwabta, ba su lalace ba. Gonar ta koma yadda kake so, ja fayau, ko tsuntsu ba shi da inda zai sauka. Ka kawo baƙinka.

Daga yau in kana da magana, ka aiko ta wajen wan mijina, shi ne mutuminku.

Goggon da ka sani

*

Goggo,

Innalillahi. Takardata ta biyu ba ta same ki ba? Yanzu na sauko daga ofis na tsare direban. An ɗage tafiyar masu awo saboda motar ta lalace, shi kuma ya bar takardar a aljihun motar, motar tana gareji. Bai gaya wa kowa ba, ni ma ban bincika ba.

Ga ta nan na haɗa da wannan. Na ba mai motar haya da hannuna, na tsaya har ya tashi. Don Allah ki mai da duwatsun yau, ki nemi masu taya ki. Na kira mai gandun dashe, zai kawo miki wasu. Da an gama taron da ya riƙe ni zan taho da kaina.

Dogo

*

Zuwa ga Dogo,

Muna nan da rai da lafiya, babu wanda ya ji ciwo. Na fara da wannan don na san za ka tambaya.

Takardunka biyu sun zo tare, mai motar ya kawo har ƙofar gida. Na karanta. Na ga ka ce in yafe maka maganar marigayi. Wannan na yafe, don na ga ka rubuta ta tun kafin ka san na cire. Sauran kuwa sai a hankali.

Sun zo a makare. Kwana biyu kafin su iso aka yi ruwan da tun safe har la'asar bai ɗauke ba. Da ya tsagaita na tafi gona. Tun daga nesa na ga babu inda na saba tsayawa. Ƙasan gonar ya zabtare, kusan kashi ɗaya cikin uku, da masarar da ke kai, da turakun awonka masu jan fenti. Ramin yanzu namiji zai tsaya a ciki a nemi kansa a rasa. Gefen wan mijina ko kunya ɗaya ba ta motsa ba, itatuwan sun riƙe. Ka rubuta wannan a littafinka, gaskiya ce, kuma ni shaida ce.

Ban ce da na bar duwatsun da ba abin da zai faru ba. Ruwan da yawa, Allah kaɗai ya sani. Sai dai da sun tafi suna jere, da na ce ruwa ya fi ƙarfina. Yanzu kuwa duk sanda na dubi ramin, hannuna nake gani yana mirgina su. 'Yata ta je ta gani, ta dawo ta ɗora tukunya. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Mai gandu ya kawo dashen. Muna dasawa a abin da ya rage, ni da ita da maƙwabtan da na raba wa na farko. Matar nan da ta ce min mai taurin kai a ofishin gona ma ta ji labari ta zo, tana ta ba ni haƙuri. Hoton kuwa har yanzu yana bango, ba a cire ba.

Kada ka soke zuwan kwamitin. Matan gandu ba su yi min laifi ba, garuruwan da ke jira ma haka. Su zo su gani, ba za su taɓa samun kwatancin da ya kai wannan ba. Amma sharaɗina ɗaya. Bana ba zan tsaya a hagu da fartanya ana girgiza min kai ba. Kai za ka tsaya. Ka sauka cikin ramin da takalminka mai sheƙi, ka gaya musu matar nan ba ta ƙi itace ba, ƙuri'a aka jefa a hula, kuma wa'adin shekara biyar ne. Ka gaya musu duk inda za su kai aikin nan, akwai wadda za a ce ta tsaya a hagu, su tambaya tun farko yaushe za a sallame ta.

In ka yarda, ka taho da wuri kafin su iso. Akwai duwatsun da suka fi ƙarfina, kuma fartanyar marigayi tana nan a bayan ƙofa.

Goggonka